Langa Mai Hawa Uku da Ban Mayar Ba

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na yarda na rubuta ta. Sau uku ina farawa a waya ina gogewa. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma na san cikin masu karanta wannan akwai matan daktoci da masu digiri biyu, sai nauyi ya kama ni. Ga shi labarin ba ya nuna ni a matsayin mai wayo. Amma yanzu lokaci ya matse ni. Malam, maigidana, ya gama karatun da ya kawo mu Malesiya, mun fara ɗaure kaya za mu koma gida, kuma akwai wata langa mai hawa uku a saman firij ɗina a unguwar Wangsa Maju wadda ba tawa ba ce. Ta wata tsohuwa ce a wani tsibiri. Ba na so in hau jirgin sama da kayan mutane. Shi ya sa zan faɗi yadda ta zo hannuna, tun daga farko.

Sunana Hajara, 'yar Birnin Kudu ce ni. Shekara huɗu muna Kuala Lumpur, amma abin da na sani nata bai wuce hanyar jirgin ƙasa zuwa Masjid India inda nake sayen yadi ba, sai Kampung Baru inda Malam yake kai mu cin abinci in ya ga na gaji da girki. Teku kuwa ta tagar jirgin sama kawai na taɓa hango shi. Da Malam ya kare bincikensa a gaban malamai aka ce ya ci, sai wani abokin karatunsa ɗan ƙasar ya ce a yi murna da tafiyar mako guda a teku, tsibiri zuwa tsibiri, a jirgin wani dattijo da ya sani a gabar gabas.

Na ce ba ni zuwa. Na ce ban iya iyo ba, na ce wa zai riƙe yara, na ce in mutum ya mutu a ruwa ina za a binne shi. Anti Balki, maƙwabciyarmu ta hawa na ƙasa, matar Dakta, ita ta hawo har ɗaki ta tsaya a kaina.

"Hajara, in kin koma gida aka ce me kika gani a Malesiya, me za ki ce? Firij?"

"Na ga dogayen benaye."

"Tashi ki haɗa kaya. Yara Maman Khalid za ta riƙe su, na riga na gama magana da ita."

Mu bakwai ne a jirgin: ni da Malam, Anti Balki da Dakta, abokin Malam da matarsa Aina, sai matuƙin, Pak Mat, wani siririn dattijo da rana ta gasa, ba ya sa takalmi. Tun a bakin gaɓa aka fara cutata. Wani mai tebur ya sayar mini da awarwaron roba guda biyu, ya rantse in na sa ba zan yi amai ba. Ko fita daga tashar ba mu gama yi ba na rungumi bokiti. Anti Balki ta dubi hannuna ta ce, "Ke da ba kya yarda da laya, yau ga ki da ta roba har biyu."

Amma ku ji abin da ya biyo baya. Jirgin irin mai tafiya da iska ne, da wata doguwar sanda a tsakiya. Da muka yi nisa, Pak Mat ya sa mazan suka ja igiya, wani ƙaton farin ƙyalle ya hau sama ya cika da iska, sai ya kashe inji. Shiru ya sauka. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai ƙarar ruwa a gefen jirgi kamar ana yage sabon yadi a hankali. Jirgin ya karkata gefe guda ya fara gudu, ba mai tura shi sai iska. Na manta da bokitin. Na riƙe ƙarfen gefe ina kallon ƙyallen nan, bakina a buɗe, ina ta tasbihi. Malam ya ce tun da ya aure ni bai taɓa ganin haƙorana duka a waje ba sai ranar.

A ranar farkon Pak Mat ya tara mu ya yi mana bayanin ruwa, Aina tana fassara mini da Turancinta da nake tsinta kaɗan-kaɗan. Ya ce akwai tanki ɗaya na ruwan daɗi a ƙarƙashin jirgin, shi za mu sha, shi za mu yi girki da shi har mu dawo. Wanka da wanke-wanke kuwa, ga teku nan. Na ji, na gyaɗa kai. Ba zan ce ban ji ba.

Da azahar ta yi, sai na ga dattijon ya ɗaura wa bokiti igiya ya jefa a teku, ya jawo, ya zauna ya yi alwala da shi. Tun ina yarinya malamarmu ta islamiyya ta dasa mini cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya canza ba a alwala da shi. Ni kuwa na riga na lasa tekun nan, gishiri ne zalla. Na ji kunyar tambayar Malam, don kada ya zama ina zargin sallar dattijo mai furfura. Sai na sauka ƙasa banɗaki, na taka famfon ƙafa na yi tawa alwalar da ruwan tanki. Kuma ni mutum ce mai kokwanto. In na kai ƙafa sai zuciyata ta ce anya kin wanke gwiwar hannu, sai in koma farko. In ruwan teku ya fantsamo wa hijabina, in ɗauraye shi. Dardumar salla ma haka. Kwanukan da Aina ta wanke da ruwan gishiri, in ta ba da baya in sake bi ta kansu. Duk a ɓoye, ina ganin alheri nake yi.

Kwana na biyu da na uku ba zan taɓa manta su ba. Tsibirai ƙanana kamar an yayyafa su da hannu, wani ba ya wuce girman kasuwar ƙauye, kore shar, da farin yashi zagaye da shi. Da hantsi mu tashi daga wannan, kafin la'asar mun jefa anka a bayan wancan, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa. Wasu kifaye masu fiffike suna tashi a gabanmu kamar fara, ɗaya har ya faɗo cikin jirgi kusa da ƙafar Dakta, ya daka tsalle ya bar takalminsa. In jirgin yana tsaye sai ya riƙa juyawa a hankali, in tayar da salla ina fuskantar dutse in yi sallama ina fuskantar bishiyar kwakwa. Wannan ma ya dame ni, sai da Malam ya ce in daidaita alƙibla a farko, sauran ba laifina ba ne.

A rana ta uku Anti Balki da Aina suka haɗa baki suka sa mini rigar ceto a kan doguwar rigata, suka ɗaura mini gilashin leƙen ruwa. Na sauka ta tsani, hannuna biyu a ƙanƙame da shi.

"Sa fuskarki kawai," in ji Anti Balki. "Ba wanda ya ce ki je ki gaishe su."

Na sa fuskata. Jama'a, ashe akwai gari a ƙarƙashin ruwa. Kifi rawaya, kifi shuɗi, kifi mai zane kamar atamfa, duwatsu masu rassa kamar bishiyoyi, komai yana tafiyarsa ba ruwansa da ni. Na buɗe baki zan yi salati na sha gishiri, na ɗago ina tari ina dariya, na sake komawa. Sai da Malam ya ce yatsuna sun yi yaushi sannan na yarda na fito. Da yamma Pak Mat ya ba ni sitiyarin jirgi na riƙe. Ni da ko keke ban taɓa tuƙawa ba.

Da safiyar rana ta huɗu Aina ta taka famfo za ta ɗora shayi, sai famfon ya yi tari, ya fesa iska, ya yi shiru. Pak Mat ya ce ba zai yiwu ba, ruwan nan ya isa mako guda har da saura, tabbas tankin ya ɓule. Ya ɗaga katakon daɓen jirgin, ya durƙusa, ya cusa kansa ciki da tocila yana shafa bututu ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye ina kallon ƙashin bayan tsohon nan ta cikin rigarsa, gwiwoyinsa a kan ƙarfe. Na kasa.

"Malam," na ce, "ka ce masa ya tashi. Tankin bai ɓule ba. Ni ce."

Na faɗi komai, har da dardumar. Malam ya dafe goshi.

"Hajara, gishirin teku ai asalinsa ne, ba wani ne ya zuba masa ba. Ana alwala da shi, ana wanka da shi, malamai ba su da saɓani a kai. Me ya hana ki tambaye ni?"

"Na ji tsoron kada ka ce ina ɓata sallar Pak Mat."

"Ashe mu muna hutu," in ji Anti Balki, "ke kina ƙasa kina wanki da guga."

Da aka fassara wa Pak Mat, ya zauna a kan dugadugansa ya yi ta dariya har yana share ido. Ya ce shekarunsa a teku ya ɗauki masu ƙarar masa da ruwa wajen wanke gashi, amma bai taɓa ɗaukar wadda ta ƙarar masa da shi saboda tsoron Allah ba. Ya ce boleh, boleh, wato babu damuwa, akwai wani ɗan tsibiri da ba ya cikin tsarin tafiyarmu, amma akwai rijiya. Ya juya kan jirgi.

Kafin azahar muka isa. Gidaje ba su fi goma ba, duk a kan ƙafafun katako, da ƙaramin masallaci mai koren rufi, da wani ƙaton dutse a bakin ruwa mai kama da saniya a kwance. Muka bar jirgin nesa da gaɓa saboda duwatsun ƙarƙashin ruwa, muka shiga ƙaramin kwalekwalen roba da jarkokinmu. Rijiyar tana bayan wani gida mai shuɗiyar ƙofa, kuma mai gidan wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, ɗaure da zane a ƙirji da mayafi a kai. Kowa ya ce mata Makcik, kamar yadda za mu ce Gwaggo. Pak Mat ya yi mata bayani, ta dube ni, ta yi murmushi da haƙoranta biyu na gaba da suka rage, ta nuna mana guga.

A nan na rama kunyata. Dakta ya jefa gugan ya kwanta a kan ruwa yana yawo. Malam ya karɓa, ya jawo shi da ruwan da bai cika kofi ba. Na ce su ba ni wuri. Na kaɗa igiyar sau ɗaya, gugan ya kife ya nutse, na jawo shi fal. Makcik ta tafa hannu ta ce wani abu.

"Ta ce ke 'yar rijiya ce," in ji Aina. "Ta ce waɗannan kuwa a mayar da su ofis."

Na naɗe ɗankwali na yi gammo na ɗora jarka a kai har bakin ruwa, matan tsibirin suka fito ƙofa suna kallo. Sawu na biyu ina cikin jan guga sai warin hayaƙin itace ya bugo ni daga madafar Makcik, ga awaki suna kuka a ƙarƙashin gida, ga sanyin igiya a tafin hannuna. Sai na ga tsakar gidanmu, na ga Innata tana miƙo mini tulu. Hawaye suka zubo ban shirya ba. Tsohuwar ta matso kusa da ni. Ta kama hannuna ta hau da ni ɗakinta, ta zaunar da ni a tabarma, ta ce, "Makan." Wannan kalmar na sani, abinci ne.

Aina ta biyo mu, na sa ta gaya mata akwai mutane a jirgi, ba zan ci ni kaɗai ba. Sai ta hau kan kujera ta sauko da langar daga saman kabad. Mai hawa uku ce, ruwan madara da furanni ja, bakinta ya ɗan ɓantare a hawa na tsakiya, da mariƙin ƙarfe da aka naɗe da zaren kamun kifi. Ta goge ta da gefen zaninta a hankali tana magana. Aina ta ce a cikinta marigayi mijinta yake tafiya da abinci in zai fita kamun kifi, tun da ya rasu ba ta saukar da ita sai don baƙi. Ta cika ƙasan da shinkafar kwakwa, tsakiya da soyayyen kifi, sama da wani jan yaji mai zaƙi. Ta miƙo mini hannu biyu.

Muka cinye a jirgi har Dakta yana suɗe yatsa. Na wanke langar da ruwan teku, don yanzu na koya, na goge ta tas. Bayan la'asar mazan za su koma gaɓa ɗauko jarkokin ƙarshe, Malam ya miƙo hannu.

"Kawo in mayar mata."

"Haka nan? Ba komai a ciki?"

A gidanmu ba a yin haka. In maƙwabciya ta aiko da abinci, Innata ba ta barin kwanon ya koma wayam, ko gyaɗa ce sai ta zuba. Na girma ina ganin mayar da kwano ba komai a ciki kamar ka ce wa mutum abincinsa bai kai a gode ba.

"To sa biskit ɗin nan," in ji Malam.

"Matar da ta tsaya a gaban wuta saboda mu, in aika mata da biskit ɗin kanti? Akwai fulawa, akwai mai. Cincin zan soya mata. Ai Pak Mat ya ce a nan za mu kwana, da safe na kai mata da hannuna."

"Bar ta, Malam," in ji Anti Balki. "In ka matsa za ta ce sai ta yanka rago."

Suka tafi ba langar. Suka dawo, aka ɗaure kwalekwalen a bayan jirgi. Ni ina ƙasa na kwaɓa fulawa, na yanka, na zuba kasko na farko, ƙamshi ya cika jirgin, ina jin daɗin kaina. Sai na ji jirgin ya yi wani irin juyi, kwanuka suka zame. Pak Mat ya leƙo ta ƙofa, fuskarsa ba dariya, ya daka tsawa. Aina ta ce, "Kashe wuta, yanzu." Ta rufe kaskon ta cusa shi a wurin wanke-wanke ta tokare da tawul.

Da na hau sama, rabin sararin sama ya yi baƙi ƙirin. Iska ta juyo daga inda ba a zata ba, tana tura mu kan duwatsun nan. Pak Mat ya ce in muka ƙara jinkiri a nan jirgin zai fashe. Malam da Dakta suna jan anka, abokin Malam yana rage ƙyalle. Na ɗaga langar na ce, "Kayan Makcik fa?" Ba wanda ya ko waiwayo. Muna fita daga bakin tsibirin na hango ta a kan yashi, 'yar ƙarama, mayafinta yana kaɗawa, ta ɗaga hannu. Ban sani ba ko sallama take yi mana ko langarta take tambaya.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: guguwar nan ta yi mini daɗi. Pak Mat ya damƙa mini wata igiya ya ce in ya yi ihu in saki, in ya sake yi in ja. Jirgin ya hau raƙumin ruwa ya sauka, ya sake hawa, ruwa yana dukan fuskata, ina ja ina saki, ina jin kaina ina ihu tare da shi. Ni mai tsoron lifta. Sai ruwan sama ya ɓarke kamar ana juye randa. Anti Balki, jiƙe sharkaf, ta riƙe ƙarfe da hannu ɗaya ta nuna sama da ɗayan.

"Ga ruwan daɗi nan, Hajara. Yi alwala har ki ƙoshi."

Kafin magariba muka sami mafaka a bayan wani babban tsibiri. Da komai ya lafa na sauka ƙasa, na ga langar a kan gadona inda na cusa ta tsakanin matasai, sai murnar ta tsiyaye.

Rana ta biyar an je wani wuri mai kogo, kowa yana ɗaukar hoto, ni hankalina yana baya. Aina ta zauna kusa da ni ta ce in daina damuwa, su ma al'adarsu ke nan, ba sa mayar da kwano wayam.

"To me kuke sawa?"

"Sukari. Cokali biyu ma ya isa. Ko albasa guda."

Sukari yana nan a jirgin, gwangwani guda, a gaban idona, tun ranar farko.

Ban roƙi kowa ba, don ruwan da na ƙarar ya ishe ni kunya. Amma da safiyar rana ta shida, ranar da aka tsara zuwa tsibirin kunkuru wanda Dakta yake ta maganarsa tun a Kuala Lumpur, sai na ji shi yana ce wa Pak Mat kunkuru ba gudu suke ba, a koma a kai wa tsohuwa kayanta. Sauran suka ce haka ne. Na yi ta musu godiya.

Iska daga can take busowa, kuma jirgin ƙyalle ba ya tafiya kai tsaye cikin iska. Sai a nufi hagu a yi nisa, a juya a nufi dama, kamar mai hawan tudu da kaya. Yini guda muna wannan, duk juyi ni ce a kan igiyata, har tafin hannuna ya yi kanta. Bayan la'asar na fara hango dutsen mai kama da saniya, sannan koren rufin masallaci. Na ruga na ɗauko langar, na zuba cincin ɗin da ya tsira. Amma da muka matsa, bakin shiga tsibirin ya yi fari fat da kumfa, ragowar guguwar tana dukan duwatsu. Pak Mat ya daɗe yana kallo. Ya ce kwalekwalen roba ba zai wuce nan ba sai ya kife, kuma ba zai jefa ran mutane cikin haɗari saboda kwano ba. Muka yi ta zagaye muna jira ko zai lafa, bai lafa ba. Na hau kan rufin ɗakin jirgin, Malam yana riƙe da ƙafata, na ɗaga langar sama da hannu biyu. Wani a bakin yashi ya kaɗa farin ƙyalle. Nisan ya hana ni gane ko ita ce. Daga nan muka juya, don dole washegari jirgin ya isa tasha.

Yanzu ga wurin da ya sa na goge rubutun nan sau uku. A tasha, muna sauke kaya, Pak Mat ya ce in ba shi langar, in ya sake bi ta wajen zai kai mata. Na buɗe na duba cincin ɗin. Iskar teku ta shige shi, ya yi laushi, yana warin mai. Na ce a raina, bayan duk wannan wahala, wannan zan aika wa matar nan?

"Ka ce masa in na je gida zan yi dambun nama mai kyau," na ce wa Malam, "sai mu aiko masa da ita a mota. Kwana uku kawai."

"Hajara."

"Kwana uku, Malam."

Pak Mat ya yi murmushi ya ce boleh.

Na yi dambun, ya yi kyau ƙwarai. Muka kira, aka ce yana teku. Muka sake kira, yana teku. Daga nan daminar gabas ta sauka aka daina fita. Da ta wuce, lambarsa ta daina shiga, abokin Malam ya bincika aka ce ya sayar da jirgin ya koma wajen 'yarsa a can jihar Sabah mai nisa. Sunan tsibirin kuwa ba wanda ya rubuta, tunda ba ya cikin tsari, kuma ba sabis a wajen. Aina ta tuna wani suna, mijinta ya tuna wani daban, mun duba taswira ba mu ga ko ɗaya ba. Anti Balki ta ɗauki hotuna da yawa a ranar, amma duk fuskarta ce ta cika su.

Tun daga lokacin langar ba ta zauna wayam ba. Duk wata ina zuba sabon dambu a ciki ko za a dace, in ya kusa tsufa yara su cinye. Har sun sa masa suna dambun Makcik.

To 'yan uwa, ga roƙona. Cikinku akwai ɗalibai masu zuwa bincike a teku, akwai masu abokai a gabar gabas, akwai masu yawon hutu. Wa ya san ƙaramin tsibiri mai gidaje kamar goma, da masallaci mai koren rufi, da dutse mai kama da saniya a kwance a hannun dama in ana shiga, da rijiya a bayan gida mai shuɗiyar ƙofa? Ko wa ya san inda Pak Mat mai jirgin ƙyalle yake a Sabah? Ko sunan tsibirin kawai aka samo mini ya isa. A bar saƙo a ƙarƙashin rubutun nan, ko a gaya wa Anti Balki, kowa ya san ta. Saura mana makonni kaɗan mu tashi.

In an sami mai zuwa, ya zo ya karɓa a duk lokacin da ya ga dama. Ba zan ce ya jira in soya komai ba. Na ajiye gwangwanin sukari kusa da ita.